Iyakata Wajen Takalma

Talata, 3 ga Rabi'ul Awwal

Wata ya kama, rigima ta dawo. Baba ya sa an goge masa farar rigarsa ta Maulidi. Idonsa ya tafi, ƙwaƙwalwar ma ta fara bi. Inna ta ce ni zan riƙe masa hannu zuwa masallaci bana, tunda Yaya yana nesa. Ni da na bar zuwa Maulidi tun ina saurayi!

Juma'a, 6 ga wata

Na tambayi malaminmu. Ya ce bidi'a ce, halartarta ma saɓo ne. Na tambayi limamin su Baba, ya ce son Annabi ne, har da lada. Kowa da hujjarsa. Gaba kura, baya sayaki. Na koma shago na ɓata wuyan rigar mutane, sai da na farke ɗinkin.

Lahadi, 8 ga wata

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Uban naka ɗan wuta ne ke nan?" Ban ce haka ba. Amma na yi jinkirin cewa a'a, kuma ta lura.

Litinin, 9 ga wata

Yau Baba ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu. Zuciyata ta karye.

Laraba, 11 ga wata

Na yanke shawara: in kai shi bakin ƙofa, in tsaya wajen takalma. Ba shiga, ba zama. Matata ta ce, "Kunnuwan fa, a gida za ka bar su?" Ban yi dariya ba.

Alhamis, 12 ga wata

Bayan la'asar suka ba Baba lasifika, kamar kowace shekara. Ya fara yabon da ya koya mini ina ƙarami a kan cinyarsa. A tsakiya ya kakare. Ya sake daga farko, ya sake kakarewa. Mutane suka sunkuyar da kai. Sai na ji baitin ya fito daga bakina, ya kama, muka ƙarasa tare.

A hanyar gida ya matse hannuna ya ce, "Yaron nan da ya taya ni, ɗan wane ne? Allah ya yi wa ubansa albarka. Ni nawa ba ya zuwa."

Na ce amin.

Har yanzu ban san hukuncin ba. Ban kuma ce na shiga ba. Da za mu tafi ne dai na daɗe ina neman takalmina a cikin na mutane.