Surukata Ta Ce Nas Ta Ramar Mata da Jika

Doña Herminia, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ɗana Eswin bai cika shekara biyu ba, yana kwance a ɗakin masu tamowa. Da muka kawo shi kumatunsa suntum, a gida har yabon ƙibarsa ake yi. Seño Amarilis, nas ɗin da ta karɓe mu, ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ashe duk ruwa ne. Ruwan kofi da jiƙaƙƙiyar tortila, wainar masararmu, muke ba shi, kamar kowa a tsauninmu.

Matar nan ban taɓa ganin irinta ba. Madara take ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, ya tofar ta share ta sake. Ta koya min ɗaure shi a ƙirjina don kada sanyi ya kama shi. Da surukata Doña Tránsito ta zo da ƙwai za ta shafe jikinsa saboda kambun baka, nas ɗin ko dariya ba ta yi ba, ita ma ta riƙe mata shi. Romon kazar da surukar tawa ta ɓoyo a zane ne kawai ta hana.

Yanzu kumburin ya saɓe, yaro ya zama ƙashi da fata. Surukata ta ce da jika mai kumatu ta zo, an horar mata da shi da yunwa. Mijina Rigoberto kuma ya ce tsinkar kofi ta kama, in ɗauko yaro mu tafi gona. Zuciyata tana wajen nas, amma tsoro nake ji. In ɗauke shi?

Uwa mai zaman jinya, daga Jocotán

'Yata, kada ki ɗauke shi. Ramar da kike gani daɗaɗɗiya ce, kumburi ne ya rufe ta, saɓewarsa kuwa alamar sauƙi ce. Jikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya, zuciya na iya gazawa. Shi ya sa aka hana romon. Nas ɗin da ta san ƙwai ba ya cutarwa, ta kuma san inda za ta kafe, kin yi dace da ita, ni ma ta burge ni.

Surukarki ba muguwa ba ce, abin da idonta ya gani take faɗa. Ki roƙi Seño Amarilis ta miƙa mata cokalin, ta zama cikin masu jinya. Rigoberto ma da gaskiyarsa, abincinku na shekara yana wannan tsinkar. Ya tafi shi kaɗai, ke ki zauna har a sallame ku. In kun koma gida, kofi ya zama na manya, ki bi abin da nas ta tsara.

Allah ya tashi kafaɗun Eswin, ya koma gida da ƙafarsa, ya ishe ki da ɓarna.