An gyara ɗakin taro, an fasa dakalin Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni matar aure ce a Katsina, gidan iyayena yana wajen Ƙofar 'Yandaka. Akwai wani tsohon ɗakin taro kusa da mu tun na zamanin En'e, a nan mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa, shi ke buɗewa, ya share, ya jera kujeru. Ya daɗe da yin ritaya, amma tun da Inna ta rasu ruɗewar tsufa ta kama shi, sunayen jikokinsa ma sun ɓace masa, hanyar ɗakin taron nan ce kawai bai manta ba. Kullum da hantsi sai ya shirya ya ce ya tafi aiki, ya je ya zauna kan wani dakali da ke jikin bangon, mai shayi ya ba shi, 'yan acaba su tsokane shi su ce Baba yau wane babba zai zo, azahar ta yi ya dawo da ƙafarsa. Da wannan muka samu sauƙi.

Sai aka ba da kwangilar gyaran wurin, kuma maigidana ne injiniyan da kamfaninsu ya ɗora a kan aikin. Har murna na yi, na ce abu ya zo gida. Abu ɗaya na roƙe shi, a bar dakalin nan, ya ce in kwantar da hankalina. Yau ga shi an fasa dakali an shimfiɗa intalok, an ja katanga, an sa get da masu gadi, bangon ma an canja masa fenti. Ba zan yi ƙarya ba, wuri ya yi kyau, har hoto mutane ke tsayawa ɗauka. Ni kuwa ko kallonsa ba na son yi.

Ranar da aka cire kwanon da aka kewaye wurin da shi, Baba ya zo ya wuce ta gabansa bai gane shi ba, ya yi ta tafiya yana nema. Sai bayan la'asar wani ɗan acaba da ya san shi ya tsince shi a hanyar Batagarawa, ba takalmi, ƙafa duk ta fashe. Na yi wa maigidana faɗan da ban taɓa yi masa ba, na ce ya ci amanata. Shi kuma ya ce zanen daga sama ya zo, ya yi magana aka ce masa wurin ajiye motoci ne, in ya matsa aikinsa zai rasa. Na san gaskiya ya faɗa, zuciyata ce ta ƙi karɓa. Na kwaso kayana na dawo wajen Baba da sunan jinya.

Maigidana, bawan Allah, ya kawo magina suka yi wani dakalin a ƙofar gidanmu, tsayi da faɗi duk iri ɗaya. Baba ya shafa shi ya ce wannan ba na wurin aikinsa ba ne, ko zama bai yi ba.

Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne, wani ya gaya wa Baba cewa maigidana ne shugaban aikin, wannan kuma sai ta zauna masa a kai. Da maigidana ya zo gaishe shi, kafin ya durƙusa sai Baba ya riga shi, tsoho ya zube ƙasa gaban surukinsa ya cire hula, yana cewa, "Ranka shi daɗe, in laifi na yi a yi mani aikin gafara, a maida ni bakin aikina, ina da iyali." Maigidana ya fita yana hawaye. Tun ranar bai sake iya shigowa gidan ba, sai dai ya tsaya a waje ya aiko da magani, ni ma ban iya fita mu haɗa ido.

Yanzu Yayanmu ya sa kwaɗo a ƙofa, ya ce gara Baba ya yi kuka a gida da a tsinci gawarsa a titi. Maigidana ya ce a riƙa ce masa an ba shi hutu, to ƙaryar ba ta kwana, gari na wayewa ya manta, sai na sake sabuwa, kuma ni ce mai kallon idonsa in faɗa. Na gwada raka shi har bakin get ɗin, ya dube ni ya ce in daina yi masa wasa in kai shi wurin aikinsa. Abinci ma ya rage ci, wai wanda bai yi aiki ba da wane ido zai ci.

Ku da kuka yi jinyar tsofaffi, yaya kuka yi? In ci gaba da kulle mahaifina ina yi masa ƙarya, ko in buɗe in riƙa bin sa a baya yana neman wurin da babu shi? Yanzu haka da nake rubutun nan yana tsaye a zaure yana jijjiga kwaɗon, yana kirana da sunan Inna, wai in taimake shi ya makara. Me zan ce masa?