Tarin da Na Yi a Motar Gado

Gangara, Asabar, sha huɗu ga watan Layya

Zuwa ga uwargidata, Kaka Lantana ta Cadakori.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar miji mai kula da iyali ko daga nesa. Yaya gwiwar nan, yaya ƙirji, yaya ruwa a wajenku? Ɗiyarki Inna tana gaishe ki, Baba ma haka. Ina gaida maƙwabcinki Malam Ridwanu da zai karanta miki wannan takarda. Malam, ka zauna ta hannun damanta, kunnen hagu ya daɗe da aje aiki. Shi ya sa ban kira ta waya ba, don in na ce lafiya lau sai ta tambayi wa ya rasu.

Kaka, lafiyata ƙalau. Na fara da wannan don Kawu Magaji ya kira Inna ya ce kin ɗaure kaya za ki zo jinyata, wai an ce miki korona ta kama ni. Ba ta kama ni ba. Bakina ne ya kama ni.

Ga yadda aka yi. Ran kasuwar Agiye na je sayo wa Baba takin zamani. Da za mu komo, Gado direba ya cusa mu cikin motarsa kamar goro a huhu, wani ƙato ya zauna mini bisa cinya, ga akuya tana cin bakin rigata. Da na ji ƙafata ta mutu sai na yi tari sau uku, na ce da na kusa da ni tun da na dawo Maraɗi hancina ba ya jin ƙanshin komai. Ni da rabona da Maraɗi tun azumi. Kaka, da kin ga fili! Ƙaton ya koma bisa buhu, kowa ya juya fuska taga, na miƙe ƙafa har gida kamar perfe mai mulkin Agiye. Ashe cikin motar akwai wani mai sayen awaki ɗan garinku da ya san ni.

To ki kwance kayanki. Daga nan zuwa wajenku mota uku ce, ga cunkoson tashar Maraɗi, ga fukar da ke tashe ki ko hayaƙin murhu kika shaƙa. Ma'aikatan likita sun ce cutar ta fi son tsofaffi. Ni ban ce kin tsufa ba, su suka ce.

Mijinki mai cikakken numfashi,
Muttaka

Gangara, Alhamis, ashirin da shida ga watan Layya

Kaka,

Bayan sallama da fatan kin tashi lafiya, amsarki ta iso, kuma na gode wa Malam da bai rage ko kalma ɗaya ba. Kin ce tun da haƙorana suka fito ban taɓa faɗa miki gaskiya ba, don haka in na ce lafiya lau to ina bakin kushewa. Na karanta wa Inna, ta ce ba ta ga inda kika yi kuskure ba.

Wallahi na sha hukuncina tun kafin naki. Kwana huɗu ba wanda ya sayi ƙosan Inna, mu muka cinye shi safe da yamma har Baba ya ce kada a sake ambaton wake a gidansa. A masallaci in na shiga sahu sai a bar mini wurin mutum biyu dama da hagu. Ran Juma'a bayan sallah na miƙe na gaya wa jama'a ƙarya na yi. Rabinsu sun yi dariya, sauran suka ce haka masu cutar ke cewa.

Sai na koma Agiye gidan likita na ce a gwada ni. Wata ma'aikaciya ta tura mini tsinke a hanci har na ji ta taɓo izu biyun da na manta. Ga takardar nan na haɗo, da Faransanci take, ki ba malamin lakol, na boko, ya fassara miki. Ta ce babu komai a jikina sai rashin ji.

Yanzu ki saurara da kyau, ba wasa nake ba. Rediyo ya ce cutar ta sake riga, wai ta haifi ƙanwa da ta fi ta sauri. A nan mutane sun rabu biyu. Wasu sun ce tatsuniyar Nasara ce, wasu ko hannu ba su ba ka. Ni ban sani ba, ilimina bai kai nan ba. Na dai san sabulu bai taɓa kashe kowa ba, kuma zaman tsohuwa a ɗakinta bai taɓa zama laifi ba. Inna ta ce a wanke hannu a tafi gona. Gero kuwa bai ji labarin korona ba, ya fara fidda kai, kuma bana da alama rumbu zai yi nauyi.

Kawu ya ce har yanzu ƙullinki na bakin gado. Kaka, in wani abu ya same ki a hanya saboda tarin ƙaryata, ban san inda zan sa kaina ba. Ban taɓa roƙonki komai ba sai ƙanzo da kuɗin alewa. Yau ina roƙonki ki zauna.

Jikanki,
Muttaka

Gangara, Talata, tara ga Muharram

Zuwa ga Lantana, wadda har yanzu ina shawarar ko zan ci gaba da zama da ita.

Sallama dai dole ce, don haka assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma na san kina lafiya, tun da marar lafiya ba ya shirya abin da kika shirya. Malam Ridwanu, kai ma ina gaishe ka, amma gaisuwar kaɗan ce.

Bari in gaya miki abin da kika jawo, don ki ji daɗinsa da kyau. Jiya bayan asuba Kawu ya kira ya ce kin fita, kin shiga motar farko, ba wanda ya iya tsai da ki. Ban ko karya kumallo ba. Na ari babur na kama hanyar Agiye, da takunkumi sabo a aljihu da guntun sabulu, wai in tare ki a tasha in wanke ki kafin ki ƙara shaƙar numfashin kowa.

Duk motar da ta fito daga Maraɗi sai na leƙa ta. Tsohuwa huɗu na kama wa hannu, ɗaya ta ɗaga mini sanda. Azahar ta yi ba ki. Hadari ya taso, ruwa ya sauka, ina tsaye ƙarƙashin rumfar mai shayi ina lissafin inda kike. A zuci na gan ki a tashar Maraɗi mutane na tari a kanki. Na ga fuka ta taso miki cikin mota ba mai buɗe taga. Na kira Kawu, waya a kashe. Duk surar da na haddace na karanta ta, har waɗanda na ce na manta suka dawo. Na yi wa Allah alkawura da yawa, wasu ban san yadda zan cika su ba.

Bayan la'asar wani direba ya sauko yana tambayar wane ne Muttaka mai tari. Ya miƙo mini ƙulli da takarda, ya ce tsohuwar ta ce zai gane ni, ya nemi wanda ya fi kowa zare ido a tasha.

Na buɗe a nan tsaye. Ashe ko ƙofar gida ba ki fita ba. Kin ce tun takardata ta farko kin san lafiyata lau, don mai ciwo ba ya da ƙarfin wannan surutu. Kin ce kin ga agana, kin ga sanƙarau ya shiga gari ya fita, kowane da zamaninsa, kuma wannan ma za ta wuce in an bi a hankali. Kin ce tun kafin Layya kika je da ƙafarki aka yi miki allurar rigakafi, ba ki jira wani ɗan Gangara ya koya miki zama a ɗaki ba. Sannan kika sa Malam ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Yini ɗaya ka yi. Ni kwana biyu na yi ban ci ba kafin takardarka ta zo."

Kaka, na zauna bisa bencin mai shayi na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Da ya tambaye ni na ce hayaƙi ne. Ban taɓa tunanin kwana biyun nan ba. Ki yafe mini.

Da na iso gida na tarar da Inna tana tankaɗe tana dariya ita kaɗai. Ashe ta sani, Baba ya sani, har mai babur ɗin ya sani. Daddawar da kika aiko ta shiga miya jiya, kuma hancina ya ji ta tun daga zaure.

Jibi zan je a yi mini tawa allurar. In an yi girbi, in hanya ta yi sauƙi, ni zan zo, ke ki zauna inda kike. Zan tsaya daga bakin ƙofa ki dube ni sama da ƙasa har ki gaji.

Maganar saki kuwa na fasa. Mace mai wayo irin naki ba a barin ta ga wani.

Mijinki da aka kayar,
Muttaka