Ƙyauren da Ya Ƙi Rufuwa

Dabai, ƙarshen bazara

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, Baba, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka sa tabarau ka karanta kana gyara mini rubutu kamar da ba. Amma tambayoyi sun cika mini baki, Mama ta gaji da su, sai na ce bari in juyo wurinka.

Gida lafiya. Akuyarka mai taurin kai ta haifi biyu, duka sun ɗauko halinta. Wayar hannu ta iso Dabai, sai dai ba ta magana sai mutum ya hau dutsen bayan coci. Ta nan Yaya Bulus yake aiko da umarni daga barikin Kaduna, da muryarka sak.

Umarninsa na bana shi ne Mama ta tattara kayanta ta koma wurinsa. Dalili kuwa ƙyauren gidanka. Tun daminar da ta biyo bayan rasuwarka ya ƙi rufuwa, sai dai a tura shi a tokare da turmi. Dangar ma ta zube ta wajen rumbu. Awakin unguwa sun mai da tsakar gida kasuwa, wata rana har saniya ta shigo ta cinye dawar da Mama ta shanya. Yaya ya ce ba zai bar tsohuwa ita kaɗai a gidan da ba ya rufuwa ba. Mama ba ta yi masa musu ba, ka san ta. Abinci kawai ta rage ci. Da aka ba mu hutun Ista na baro Minna na taho, na roƙe shi ya ba ni lokaci zuwa saukar ruwa. In ya zo ya tarar da gida a buɗe ya ɗauke ta, ba zan ce uffan ba.

Dangar ba ta ba ni wuya sosai ba. Na jawo akwatin kayan aikinka daga ƙarƙashin gado, na tarar da guduma da zarto da gizago, da gwangwanin madara cike da tsofaffin ƙusoshi da ka miƙe. Baba, me ya sa ba ka taɓa yar da ƙusa ba, ko ta lanƙwashe kamar ƙugiya? Na cire itatuwan da gara ta ci, na sa sababbi na ƙirya, na shafe su da baƙin mai. Babban yatsana ya sha guduma har farcen ya yi baƙi, amma awaki sun zo sun zagaya sun koma.

Ƙyauren ne ya so ya haukata ni. Na sauke shi na duba, katakon lafiya lau, ko ramin gara ɗaya babu. Na mayar na rataya, ya zo dab da rufuwa ya cije. Na sake saukewa, na sake ratayawa, haka dai. Sai na ɗora laifin a kan dirkoki biyun nan da ke riƙe da ƙofar. Ga su furu-furu, a karkace, ɓawonsu na saɓulewa, na ce lalle sun ruɓe sun goce. Na ɗauko adda na kai wa ta dama sara don in ga zurfin ruɓar.

Kore shar na gani a ciki, Baba. Wani ruwa mai danƙo ya tsattsafo, ƙamshi ya daki hancina. Na tone gindin da hannu, sai ga saiwa.

Mama tana bakin murhu tana kallona. Dariya ta kama ta har ta dafe ciki, ita ce ta farko da na ji daga bakinta tun ranar da muka binne ka. Ta ce itacen dashi ne, kai ka sare rassan a daji ka kafa su shekarar da ka ajiye kaki. Da damina sai su yi ganye, da rani su zubar. Kana datse musu kai kowace shekara, ita ma ta ci gaba da datsewa don ƙayarsu tana fizge mata ɗankwali. Ta ɗauka kowa ya sani. Ina za mu sani? 'Ya'yan bariki ne mu, ba ma zuwa gida sai Kirsimeti, lokacin da suke tsirara. Ko jana'izarka da rani aka yi. Rashin sani ya fi dare duhu: shekara da shekaru ina jingina da bishiya ina ce mata dirka.

Daga nan muka haɗa kai ni da ita muka gano sauran. Abu mai rai ƙiba yake yi. Dirkokin suna kauri, bakin ƙofa yana matsewa, shi kuwa ƙyaure yana nan yadda yake. Guntun tayar da ka ɗaure shi da ita ma ɓawo ya haɗiye rabinta. Sai Mama ta tuna cewa kowace kaka kana sauke ƙyauren ka zauna kana sassaƙar gefensa da gizago. Ita ta ɗauka rashin iya zama ne irin na tsohon soja. Na shafa gefen, na ji sawun gizagonka a jere.

To ga tambayata. Me ya sa ka zaɓi dirkar da za ta sa ka aiki kowace shekara? Don gara ba ta cika damun ɗanyen itace ba? Ko don ka gaji da gidajen bariki, inda ake sauya maka wuri ka bar komai a baya, sai ka so ƙofar da ta yi saiwa? Ka san za ta matse tun ranar da ka kafa ta, ko kai ma mamaki ta ba ka?

Ban taɓa tambayarka irin wannan ba kana raye. Amsoshinka gajeru ne kamar na fareti, ni kuma ina tsoronka. Ina sonka kuma, ban dai taɓa faɗa ba. Yau da na riƙe ƙotar gizagon, inda hannunka ya goge ta ta yi santsi, kewarka ta kama ni har na zauna a ƙasa.

Na sassaƙa kaɗan-kaɗan, ina gwadawa, har ƙyauren ya shige, sakata ta faɗa raminta. Mama ta liƙe saran addata da laka.

Yaya ya iso ranar Asabar da kakinsa. Ya tura, ya ja, ya jijjiga, ƙyaure bai motsa ba. Da na yi masa bayani ya ce ai sai a sare dirkokin a kafa ƙarfe a huta. Mama ta tashi ta je ta tsaya tsakanin dirkokin. Yaya ya tambaya wa zai riƙa sassaƙar, na ce ni, kowace kaka. Ya ce to, ranar da ƙofar ta matse har mutum ba zai iya wucewa ba fa?

Mama ta dubi dirkar dama, ta dubi ta hagu. Ta ce kada wannan ya dame shi. Ita ba ta wannan ƙofa za a fitar da ita ba, wurinta yana nan bayan ɗakinta, kusa da kabarinka.

Yaya ya cire hularsa. Washegari ya koma Kaduna shi kaɗai, Mama ta rufe ƙofar a bayansa, ta nemi tuwo.

Ka huta lafiya, Baba. Kada ka yi saurin kiranta, ka bar mana ita tukuna.

Taka har kullum,
'yarka Ladi