Tambaya Goma Sha Biyu Cikin Hamsin

Zuwa ga Yaya Hinda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? An fara yankan gero a Dungas?

Ni lafiya lau nake a Ibadan, abincinsu ne dai har yanzu bai karɓe ni ba.

Yaya, an yi mana jarrabawar lissafi da Ingilishi, wadda ake auna ko ɗalibi ya isa shiga jami'a. Ingilishi na tsallake da ƙyar. Lissafin da nake taƙama da shi ne ya kayar da ni.

Kin san yadda Malam Haidar ya koyar da mu lissafi a lise, makarantarmu ta sakandare. Ba ya karɓar amsa sai ya ga hanyar da aka bi. To a nan tambaya hamsin ce a na'ura, ka zaɓi amsa ka wuce. Ni kuwa na duƙufa a kan takarda, ina rubuta kowane mataki, ina ja wa amsa layi. Ina gama ta goma sha biyu lokaci ya cika, na'urar ta rufe. Takardar ma ba wanda ya duba.

Sun ce sai na yi shekara guda a ajin share fage. Ba komai, haka Allah ya so. Kada ki gaya wa Baba tukuna, ki bari a kai gero rumbu.

Na ji Malam Haidar yana kwance, Allah ya ba shi lafiya. In ya tambaye ki, ki ce masa duk goma sha biyun daidai suke.

Ƙanwarki,
Nazifa