Ƙarfen da Ya Ƙoshi

Asabar, 2 ga Maris, 1974
Gaisuwa mai ƙamshin sandal gare ki, ya farar takarda. Ki gafarta wa Abdussalami da ya katse miki hutu da hannu duk baƙin mai. Kogi ya ja baya, injin kahraba, wato lantarki, mai juya famfonmu yana nishi, ruwa ba ya kaiwa lambunan ƙarshe. Albasar gari duka tana wuyana. Ba za ta bushe ina numfashi ba.

Litinin, 4 ga Maris
Ƙuruciyata kaf na ƙarar da ita wajen kiwon tsohon injin mai: ka ƙara masa sha, ya ƙara gudu. Yau na ɗaga ƙarfin wuta mataki ɗaya a akwatin sarrafa injin. Ruwa ya ɗan ƙaru. Baiti ya zo mini:
Ya mai juyi marar gajiya,
Sha wuta ka shayar da duniya.

Talata, 5 ga Maris
Garba taubashina, mai naɗa wayar injuna a garin Sinja, ya biyo. Ya ɗora tafi a kan injin, ya ce, "Kai sha'iri, ƙarhen cikinai ƙoshi shikai. In ya cika da maganaɗisu, abin da ka ƙara zahi za shi zama, ba ƙarhi ba." Na ce, "Bawana, yaushe ƙarfe ya yi tumbi?" Yana juya baya na kai wutar matakin ƙarshe.

Alhamis, 7 ga Maris
Ko ludayi bai ƙaru ba. Sai gurnani, sai zafi. Barakatu matata ta kawo mini abinci, ta ce, "Malam, da na sani da ƙullu na zo, in gasa maka wainar kisra a bayan injin nan." Ban yi dariya ba.

Jumma'a, 8 ga Maris
Lambunan ƙarshe sun sunkuya. Ba zan sauke ba.

Lahadi, 10 ga Maris
Na tsaya bakin lambun da ke kusa da famfo. Baƙar ƙasarmu ta sha har tsagunanta sun haɗe. Ruwan da ya biyo baya kwance yake a sama, yana ruɓar da saiwa. Ina cikin kallo iska ta kawo mini ƙaurin waya. Rabona da irin wannan gudu tun ina saurayi. Na kashe injin. Allah Ya rufa asiri, bai ƙone ba.

Laraba, 13 ga Maris
Na mayar da wuta matakin tsakiya, don injin ya huta kawai. Mun yi gayya, mun sauko da famfon kusa da ruwa. Da la'asar ruwa ya isa lambunan ƙarshe. Abin da ya mutu ya mutu, saura ya ɗago kai.

Na aika wa Garba 'yar takarda ta hannun direban lori: wane mataki ya dace da bazara? Ya amsa a rubuce, maza-maza: na tsakiya. Ba wai ya fi ni sani ba ne.

Baitin nan na Litinin, na mayar da shi "Sha daidai". Ya fi zama a ma'auni.