Takunkumin da Inna ta tambaya

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Anti Rabi? Da fatan yara suna lafiya. Mu ma nan Riyad lafiya lau, sai zafi.

Na san ka ji Amurka ta sassauta wa Sudan takunkumi. Ranar ina shiga asibiti, abokan aikina 'yan Sudan suka tare ni da alawa suna "mabruk", wato barka. Na karɓa, amma zuciyata na kan Kawu Sale, da yadda ya yi ta jiran a gyara na'urar gashin cutar daji a can Sudan, kayan gyara sun ƙi shiga ƙasar, har Allah ya karɓi abinsa bara. Irin na'urar nake kunnawa kullum a nan. In ta lalace da safe, kafin la'asar an gyara.

Da na koma gida a unguwar Ulaisha na gaya wa Inna. Ta ce, "Takunkumi kuma? Ba na jaki ba ne, don kada ya ci amfanin gona?" Na yi mata bayani. Sai ta ce, "To wanda ya yi ɓarnar aka ɗaure wa baki, ko ƙanena?"



Ku sa Kawu a addu'a, mu ma kada ku manta da mu. Ka gaishe da kowa. In ka kira Inna, don Allah kada ka yi mata barka. Alawar ma tana nan cikin jakata, na kasa sha.

Ƙanwarka,
Zulai